Zaɓen Kwas a Jami'a: Ɗauki Wanda Kake So Kuma Za Ka Iya Kaiwa Ƙarshe

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a shirinmu na faɗakarwa da ke zuwa muku daga nan Tudun Wada, Zariya. Ina gaida iyayenmu maza da mata, ina gaida malamanmu, ina kuma gaida ƙannena ɗalibai na Agoro da Gyallesu da Tudun Jukun, na cikin birni da Sabon Gari, har zuwa Samaru da Shika, da duk inda wannan murya ta kai.

Yau za mu yi magana a kan zaɓen kwas a jami'a. Zaɓen nan hawa biyu ne. Na farko shi ne fannin da yaro zai nema tun daga fom ɗin JAMB. Na biyu shi ne darussan da zai yi wa rajista a kowane zangon karatu bayan ya samu gurbi. Maganata a kan duka biyun guda ɗaya ce: a zaɓi abin da zuciya ke so, kai ke ɗauka, gida kuma ke iya riƙewa har ranar da za a karɓi shaidar kammalawa. Wanda ke kusa da ɗan sakandare ko sabon ɗalibin jami'a, ya kira shi ya zo ya zauna, ya taho da biro da takarda, domin akwai ɗan lissafi a gaba.

Mu mutanen Tudun Wada ba baƙin jami'a ba ne. Harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake karatun shari'a da na harkokin mulki, maƙwabciyarmu ce. Tsohon asibitin koyarwa a unguwarmu yake, kafin babban aikin ya koma Shika. Tun da aka buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba 1962, ɗalibai ke haya a gidajenmu, suna cefane a kasuwarmu, muna haɗa sahu da su a masallatanmu. Duk da wannan kusanci, yaranmu da yawa na shiga jami'a ba tare da wani ya zaunar da su ya faɗa musu abin da ke cikin kwas ɗin da suka nema ba.

Ku dubi yadda abin ke faruwa. Yaro ya je cibiyar rajista, ya sha layi, ya zauna gaban kwamfuta, mai cika fom ya tambaye shi, "Wane kwas za a sa maka?" Mutane na jira a baya, sai ya ambaci abin da ya ji abokinsa ya sa, ko abin da Baba ya faɗa da safe. Shawarar da za ta ci shekara huɗu zuwa shida ta rayuwarsa, a cikin minti biyu aka yanke ta. Mafi yawan lokaci kuma sunaye uku ne ke fitowa: likita, lauya, injiniya.

Waɗannan fannoni masu daraja ne, kuma muna matuƙar buƙatar masu yin su. Sai dai ƙofarsu ƙunci gare ta. Jarrabawar da hukumar JAMB ke shiryawa darasi huɗu ce, Turanci dole, jimlar maki 400. A shekarar 2024 an saki sakamakon mutum fiye da miliyan 1.8, kuma kimanin kashi 76 cikin 100 ba su kai maki 200 ba. Bayan haka, majalisar da ke kula da aikin likitanci ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban likitancin da za ta ɗauka, haka majalisar ilimin shari'a ke yi wa masu karatun lauya. Jami'a ba ta da ikon wuce wannan adadi komai yawan masu nema. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 bisa cancanta zalla, kashi 35 ga 'yan yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimin boko. Zamanka ɗan Kaduna yana taimaka maka a nan Zariya, amma a cikin kowane rukuni da maki ake jera mutane. Shi ya sa muke ganin yaro mai ƙoƙari ya shekara uku yana neman kwas ɗaya, sa'o'insa har sun kusa gamawa, alhali da ya waiga gefe da tuni yana aji uku a wani fannin da zai ji daɗinsa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To, ƙanena, ƙanwata, kafin ku sa wani abu a fom, ga tambayoyi uku.

Ta farko: me kake so? Ba ina nufin wane suna ne ya yi maka daɗi a kunne ba. Wane darasi ne kake buɗe littafinsa ba tare da an ce gobe akwai jarrabawa ba? Wane aiki ne idan ka ga ana yi kake tsayawa kallo? Idan ka samu amsa, sai ka je ka leƙa cikin kwas ɗin, domin suna daban, abin da ake yi a aji daban. Kimiyyar kwamfuta cike take da lissafi, iya sarrafa waya bai isa ba. Tattalin arziki ma lissafi ne da ƙididdiga tun daga ajin farko. Shari'a karatu ne mai yawa cikin Turanci mai nauyi, da riƙe hukunce-hukuncen kotu da dalilansu. Likitanci akwai nazarin gawa, akwai jini, akwai kwanan asibiti. Ilimin noma akwai sinadarai da kimiyyar ƙasa, akwai kuma shekarar da ake fita gona a yi aiki da hannu. Aikin jarida rubutu ne kullum, kafin a kai ga riƙe makirfo.

Sanin wannan ba shi da wuya gare mu. A layinku ko a masallacinku akwai ɗan aji uku ko aji huɗu. Ka yi masa sallama, ka roƙe shi ya nuna maka jerin darussan sashensu da tsoffin takardun jarrabawa. Ka zauna ka duba. Ba lallai ka gane su ba, ai ba ka fara ba tukuna. Abin da za ka lura da shi shi ne, shin tambayoyin sun sa ka sha'awar sanin amsarsu, ko kuwa sun sa ka ji kamar ka rufe takardar? Daga nan ka nemi mai yin aikin, ka tambaye shi yadda yininsa ke kasancewa. Matambayi ba ya ɓata.

Tambaya ta biyu: me kake iya? Wannan tana son gaskiya tsakaninka da Allah. Ɗauko sakamakonka na aji huɗu da biyar da shida na sakandare, wanda ka rubuta da hannunka ba tare da an taya ka ba. Shi ne zai faɗa maka inda ƙarfinka yake. Zan faɗi wata magana mai ɗaci, amma dole a faɗe ta: kiredit ɗin da aka samu ta hanyar satar amsa zai iya kai yaro bakin ƙofar jami'a, amma a ajin farko asiri ke tonuwa. Ɗaliban kimiyya a shekarar farko suna haɗuwa da lissafi da fiziks da kemistiri a manyan ajujuwa, babu mai tsayawa ya koya musu abin da ya kamata su sani tun sakandare. Iyayen da ke biyan kuɗi a taya yaro jarrabawa, wahala suke saya masa.

Manomi ya san shinkafa fadama take so, gero kuma tudu. Ba ya zagin tudu don bai ba shi shinkafa ba, yana shuka wa kowace ƙasa abin da za ta karɓa. Haka kawunan 'ya'yanmu suke. Amma a bambanta abu biyu. Akwai yaron da ya yi rauni a lissafi domin makarantarsu ba ta da malamin lissafi. Wannan idan ya samu mai koya masa na wata shida zai tashi. Akwai kuma wanda an koya masa, an maimaita, ransa dai ba ya wajen, alhali idan aka ba shi tarihi ko adabi ko Larabci babu mai kama shi. Na farko a nema masa malami, na biyu a bar shi ya bi inda yake da ƙarfi.

A nan ne kuma ake duba haɗin darussa. Mai neman likitanci a JAMB zai rubuta Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks. Mai neman injiniyanci zai rubuta Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Mai neman shari'a yana buƙatar adabin Turanci. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO ko makamantansu, har da Turanci, da lissafi ga mafi yawan kwasa-kwasai. Kowace shekara akwai masu cin maki mai kyau su rasa gurbi saboda haɗin darussansu bai dace da kwas ɗin da suka nema ba. JAMB na wallafa sharuɗɗan kowane kwas a kowace jami'a, a karanta su kafin a biya kuɗin fom. Wannan ya nuna cewa zaɓen kwas tun ranar da aka raba yara ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci yake farawa, wato shekara uku kafin JAMB.

Tambaya ta uku: me gida zai iya ɗauka? Yawancin kwasa-kwasan adabi da zamantakewa da kimiyya da koyarwa shekara 4 ne. Injiniyanci da noma da shari'a da aikin jinya shekara 5. Likitancin mutane da na dabbobi shekara 6. Lauya zai ƙara da makarantar horar da lauyoyi, irin wadda ke Bagauda a Jihar Kano, likita kuma zai ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Wannan idan komai ya tafi daidai ke nan. Mun ga yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur ɗalibai na gida. Wanda ya fara a makare ya tuna kuma cewa wanda ya wuce shekara 30 lokacin kammalawa ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi.

Kuɗin makaranta kuma ba kuɗin rajista kaɗai ba ne. Mai zanen gine-gine yana sayen kayan zane kowane zango. Ɗalibin likitanci littattafansa tsada gare su, ga zirga-zirgar Shika. Wanda ajinsa ke Samaru, idan yana kwana a gida, kullum sai ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, alhali na Kongo da ƙafa zai taka. A zauna da Baba da Mama a lissafa wannan duka tun kafin a fara. Tun 2024 akwai asusun NELFUND na gwamnatin tarayya da ke ba ɗalibai rance ba tare da ruwa ba, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Taimako ne, amma bashi ne, a karɓe shi da niyyar biya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan zaɓen kwas a jami'a.

Ina so ƙannena su san cewa abin da ake koyarwa a garin nan ya fi sunaye ukun nan na likita da lauya da injiniya yawa nesa ba kusa ba. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda tushenta ya koma 1922. Irin masara da dawa da gyaɗa da auduga da sunansu ke farawa da SAM, daga can suke fitowa. A 2019 aka saki waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, aikin masanan wannan cibiya. A Shika akwai cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI, wadda ta samar da kajin ƙwai na Shika Brown. Duk wanda ya taɓa asarar gonar wake ya san darajar wannan aiki, kuma masu yin sa noma da kiwo suka karanta, kwasa-kwasan da yaranmu ke ɓata fuska idan an ba su.

Akwai injiniyancin albarkatun ruwa, a ƙasar da mata da yara ke yini neman ruwa. Akwai tsara birane, da ƙiyasin kuɗin gini, da safiyo. Akwai fasahar gilashi da ta masaƙa, akwai zane-zane da sassaƙa, akwai ilimin ɗakin karatu, da binciken kayan tarihi, da harsunan Afirka inda ake nazarin Hausa har digirin digirgir. Ga kuma koyarwa, wadda ba don ita ba da babu likita babu lauya. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa koyarwa da kemistiri ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma koyar kafin ya shiga siyasa. Zainab Shamsuna Ahmed, wadda ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta ƙasa daga 2018 zuwa 2023, aikin akanta ta karanta a nan. Tsohon mataimakin shugaban ƙasa Namadi Sambo zanen gine-gine ya yi. Kowannensu ya riƙe fanninsa da kyau, Allah kuma ya buɗa masa.

Yanzu mu shiga hawa na biyu, wanda ba a cika magana a kansa ba. Ka samu gurbi, Allah ya sanya alheri. Kowane zango za ka yi rajistar darussa, kuma a nan ne mai kai mai kyau kan jefa kansa cikin wahala saboda rashin sanin tsari.

Kowane darasi yana da nauyi da ake kira yunit. Yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lakca a mako, ko awa uku a ɗakin gwaje-gwaje, har tsawon mako 15. A ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ɗalibi na ɗaukar daga yunit 15 zuwa 24 a zango. Maki 70 zuwa sama A ne, yana ba da lamba 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, lamba 4. Daga 50 zuwa 59 C, lamba 3. Daga 45 zuwa 49 D, lamba 2. Daga 40 zuwa 44 E, lamba 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, sifili. Ana ninka lambar da yunit ɗin darasin, a tara duka, a raba da jimlar yunit ɗin da ka yi wa rajista. Abin da ya fito shi ne matsakaicin makinka, idan aka haɗa na duk zangunan da ka yi shi ne CGPA.

Ku ɗauko biro. A ce ɗalibai biyu ne, ƙoƙarinsu ɗaya. Na farko ya ɗauki yunit 18, ya ci B a duka. 18 sau 4 ya ba da 72, a raba da 18, ya tashi da 4.00. Na biyu ya ce shi zai cika 24. Ya ci B a yunit 18 kamar ɗan'uwansa, amma lokaci ya ƙure masa ya faɗi darasi biyu masu yunit 3 kowanne. Jimlarsa 72 ce ita ma, amma da 24 za a raba, ya tashi da 3.00. Ga kuma kariyoba, wato maimaita darussan da ya faɗi, ta yunit 6 tana jiransa baɗi, wadda sai ya fara sa ta a fom kafin sababbin darussa, ta cinye masa gurbi, wataƙila ma lokacin lakcarta ya ci karo da na wani darasin. Haka kariyoba ɗaya ke haifar da biyu, har ta kai mutum ga ƙarin shekara. Jami'a kuma ba ta barin mutum har abada: kwas na shekara 4, iyakarsa shekara 6.

Lissafi na biyu shi ne na shekarar farko. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50. Ta biyu ta sama daga 3.50. Ta biyu ta ƙasa daga 2.40. Ta uku daga 1.50. A ce yaro ya yi wasa a ajin farko ya tashi da 2.00, kuma nauyin shekarun huɗu daidai yake. Ko da A zai ci a kowane darasi na sauran shekara uku, iyakarsa 4.25, daraja ta ɗaya ta riga ta kuɓuce. Idan 4.00 ya riƙa samu kowace shekara, da ƙyar zai taɓa 3.50. Don haka shekarar da sababbin ɗalibai ke ɗauka ta hutawa da sanin gari, ita ce shekarar da ta fi kowace tsada.

Darussa kashi uku ne. Akwai na dole na sashenku, waɗanda ba ka da zaɓi a kansu. Akwai na gama-gari da kowane ɗalibi ke yi, irin su Turanci da sanin al'ummun Nijeriya da dabarun sana'a. Waɗannan ɗalibai kan raina su, su ƙi zuwa aji, alhali ba a kammala digiri sai an ci su. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Sai kuma darussan zaɓi, inda kake da ta cewa.

A wajen darussan zaɓi, ɗalibai kan tambayi na gaba da su, "Wane malami ne ke ba da maki?" Wannan tambaya ba ta da tabbas, domin malamin bara ba lallai shi ne na bana ba, kuma darasin da ba ka so ko mai sauƙi ne za ka yi masa sakaci. Ga abin da ya fi dacewa ka tambaya. Me ake koyarwa a ciki, kuma zai ƙara mini wani abu a aikin da nake son yi? Mai karatun Hausa da ke sha'awar aikin rediyo, darasin fassara zai amfane shi. Mai karatun noma da ke son kafa gonarsa, darasin tattalin arzikin noma zai amfane shi. Sannan, akwai wani darasi da sai an ci shi kafin a shiga wannan? Lokacin lakcarsa ya ci karo da na darasin dole? Ajin yana kusa, ko sai ka ratsa harabar Samaru daga wannan ƙarshe zuwa wancan a cikin minti goma? Idan zangon cike yake da darussan lissafi da na gwaje-gwaje, ka haɗa da na zaɓi mai sauƙin ɗauka. Idan zangon da sauƙi, a nan ne za ka gwada mai nauyin da kake sha'awa.

Kowane aji yana da malamin da aka ɗora wa duba rajistar ɗalibai, wanda kuke kira kodineta. Ka je wurinsa kafin ka tura rajistarka, kada ka jira sai matsala ta auku. Ka nemi littafin jagora na sashenku ka karanta. A Disambar 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhaja inda ita ke tsara kashi 70 na darussa, jami'a ta tsara kashi 30 da kanta. Saboda haka abin da yayanka ya yi shekara biyar baya, ko abin da abokinka ke yi a Jami'ar Bayero ta Kano, ba lallai ya zo ɗaya da naka ba. Akwai kuma ɗan lokacin da ake bayarwa na ƙara darasi ko cire shi bayan an fara zango. Idan ka ga kaya sun fi ƙarfinka, ka rage a wannan lokaci, domin darasin da ka bari a fom ba ka rubuta jarrabawarsa ba, faɗuwa za a rubuta maka. Ka riƙe zuwa aji, ƙa'ida ita ce halartar kashi 75 cikin 100 kafin a shiga jarrabawa. Ka riƙe gwaji da aikin gida, su ne maki 30 zuwa 40 da ake tarawa tun kafin ranar jarrabawa.

Ina da magana ta musamman ga masu haɗa karatu da neman abinci, masu ɗinki da masu tsaron shago da masu tuƙa Keke, da kuma 'yan'uwana mata masu aure da goyo. Awoyinku ba ɗaya ba ne da na wanda ke kwana a hostal ba shi da aikin komai sai karatu. Kada ku auna kanku da shi. Ku faɗa wa kodineta halin da kuke ciki, ku tsaya a kan abin da sashe ya wajabta, ku bar ƙari. Maigida kuma da ya yarda matarsa ta yi karatu, ya cika alherinsa ta hanyar sauƙaƙa mata aikin gida a makonnin jarrabawa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Saura wanda aka ba kwas ɗin da bai nema ba. Ya nemi likitanci aka ba shi nazarin tsirrai, ya nemi shari'a aka ba shi tarihi. Ƙanena, kada ka shiga aji da fushi. Mafi munin abin da za ka yi shi ne ka karɓi gurbin, ka ƙi karatu, kana cewa ai ba naka ba ne. Canjin sashe a cikin jami'a, inda ake yarda da shi, sakamako mai kyau ake dubawa. Ka ba kwas ɗin shekara guda da dukkan ƙarfinka. Idan ka so shi, ka samu hanya. Idan ba ka so shi ba, kana da makin da za ka nemi canji da shi.

Wanda bai samu gurbi ba kuma, hanya ba ɗaya ba ce. JAMB na ba da damar canza kwas ko makaranta bayan fitar sakamako. Akwai shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, akwai makarantar share fage ta jami'ar a Funtuwa. Mai difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha irin Nuhu Bamalli, ko mai shaidar malanta ta NCE, yana iya neman shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. Abin da za a guje wa shi ne masu karɓar kuɗi da alƙawarin samar da gurbi, da makarantun da ke ba da digiri a 'yan watanni. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo bayan an bankaɗo cinikin digiri a Kwatano. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar NUC da hukumar da ke kula da sana'ar da ake son karantawa sun amince da kwas ɗin.

Iyayenmu, da girmamawa nake wannan roƙo. Burin da kuke yi wa 'ya'yanku na ƙauna ne, kuma shawararku da albarkarku ba su da madadi. Amma shi yaron ne zai zauna a aji, shi zai shiga ɗakin jarrabawa. Ku tambaye shi abin da yake so, ku saurara har ya gama. Ku je makarantarsu ku ji ta bakin malaman da suka koyar da shi. Idan ya zo muku da sakamako maras kyau, ku bincika dalili kafin faɗa, domin yaron da ke tsoron faɗa wa mahaifinsa cewa kwas ya fi ƙarfinsa shi ne ke ɓoye kariyoba har ranar da za a sallame shi. 'Ya'ya mata ma a ba su wannan dama. Muna buƙatar likitoci mata da ungozoma, muna kuma buƙatar malamai mata na lissafi da lauyoyi mata da masanan noma mata.

Shugabannin makarantun sakandare, ku ware rana guda kowane zango ku gayyato ɗaliban jami'a da ma'aikata su yi wa yara bayani, tun daga aji uku kafin a raba su. Ƙungiyoyin unguwa da kwamitocin masallatai, ku ma za ku iya shirya wannan a lokacin hutu, ba ya cin kuɗi. Ku kuma da kuka riga kuka shiga jami'a, kowannenku ya riƙe yaro ɗaya a layinsu, ya nuna masa jerin darussa, ya koya masa lissafin CGPA kafin ya shiga ajin farko.

Ƙannena, ku yi tambaya, ku yi shawara da iyaye da malamai, ku yi istihara, sannan ku zaɓi abin da za ku iya riƙewa da gaskiya har ƙarshe. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya sa ku amfani iyayenku da al'ummarku.

A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)